Turmin Bahaguwa

Chicago, 3 ga Fabrairu, 1997

Tiya Herminia,

Gaisuwa mai yawa, innata, da fatan takardar nan ta same ku lafiya, ku da Mama da mutanen San Isidro baki ɗaya. Yaya ƙafar taku, yaya kuma kunnen? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya sa mu gaba. Maigidana Abundio da riga uku yake fita aiki, ni kuwa ina nan wajen wankin otal, hannuwana duk sun tsattsage.

'Yata Yesenia za ta cika shekara sha biyar, mun sa bikin ranar Asabar, 24 ga Mayu. Coci da safe, da yamma rawa a wani zaure da muka kama. Tana 'yar shekara huɗu na ɗauke ta daga gida, yanzu ta fi ni tsawo. Na tambaye ta me take so a sa a kan tebur ranar, ina zaton za ta ce irin abincin nan nasu. Sai ta ce koren abin nan da Kaka ke lakato mata da yatsa ta shafa a kan tortiya, gurasar masarar nan tamu. Ta ce shi kaɗai take tunawa na gida, ko fuskar Mama ba ta tunawa. Na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Tiya, gwakamole take nufi, shi dai ba wani abu ba ne, piya ce da tumatir, kowace mace a layinmu tana yi. Amma nawa ya ƙi. Na zuba a injin markaɗe ya fito kamar kunun jarirai, kafin mutane su zauna ya yi baƙi. Na Mama nake so, kuma ban koya ba, don lokacin da ya kamata in koya hankalina yana wajen Abundio.

Na san Mama ba ta aiko mini da kalma ɗaya ba tun da Baba ya rasu ban zo ba. Shekara huɗu ke nan. Kun san dalilina, ba ni da takardun zama, in na tsallaka iyaka ba zan iya dawowa ba, ga yara a nan. Ita ma ta sani. Duk takardar da kuka karanta mata, abin da kuke rubuto mini shi ne "ta ji". Ku da ita 'ya'yan wa da ƙane ne, ɗaki ɗaya kuka tashi, in akwai mai iya buɗe bakinta ku ne. Kada ku ce nawa ne, ku ce na Yesenia ne. Gaskiya ni ma ban sani ba ko girkin nake nema ko maganarta.

'Yarku,
Eulalia

San Isidro, 24 ga Fabrairu, 1997

Lala 'yata,

Na samu takardarki, na gode wa Allah da kuke lafiya. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, kunne kuwa ya zaɓi abin da yake son ji, ban ga laifinsa ba. An fara ɗumi, itacen piyar babanki ya cika da 'ya'ya ƙanana.

Na karanta wa uwarki Chencha takardar tana gurzar masara. Ko kai ba ta ɗaga ba. Na ce, "To me zan rubuta?" Ta ce, "Ki rubuta na ji."

Shekara sittin da wani abu nake tare da matar nan, na san inda ake taɓa ta. Na jawo kujera kusa da ita, na ɗora takarda a gwiwa, na shiga rubutu ina faɗa da ƙarfi, kin san kurma ba ya magana a hankali. Na ce, "Da farko ki matse lemon tsami guda biyar a kwanon roba."

Gurzar masarar ta tsaya. Ta ce, "Wa ya koya miki?"

Na ce, "Ina ruwanki? Da 'yata nake magana."

Ta ce, "Gishiri tukuna. Gishiri ake fara sawa a turmi, shi ke kama albasa. Ke da mijinki ya mutu da yunwa za ki koya wa wani girki?"

Mijina, Allah ya jiƙansa, da tumbinsa ya tafi, amma ban yi musu ba. Na ci gaba da ɓata girkin da gangan tana gyarawa, har muka kai ƙarshe. Ga shi yadda ya fito daga bakinta, na cire zagin.

Gishiri, sai albasa fara rabin ƙarama, sai ɗanyen barkono biyu da aka ɗan gasa a kasko har fatarsa ta yi tabo, sai ganyen silantiro. Ki daka su har su zama abu ɗaya, har ƙamshin ya sa ki atishawa. Wannan shi ne gindin, in ya lalace ba abin da zai gyara sauran. Sannan piya uku, ki kwaso da cokali, ki danne su kawai, kada ki niƙe. Ta ce wanda zai ci yana da haƙora. Tumatir a ƙarshe, ki cire 'ya'yan da ruwan, ki yanka ƙanana, ki juya da cokali sau biyu ki bari. Lemon tsami ɗigo kaɗan, shi ma don piyarku ta can ce, wadda ta ce ɗanɗanonta kamar kyandir. Ƙwallon piya ɗaya ki dasa a tsakiya. Kuma kada ki fasa piya sai kin ji muryar baƙi a ƙofa.

Na ce mata mutum tamanin za su zo. Ta ce turmi ɗaya na mutum shida ne, a daka sau goma sha huɗu, ba wadda daka ta taɓa kashewa. Da na ambaci injin markaɗe sai ta yi alamar gicciye ta tofar da yawu.

Na so in gwada a turminta na dutse don in tabbatar ban rubuta miki shirme ba, dutsen ya ƙi ni. Kin san uwarki bahaguwa ce, shekara hamsin da ɗaya tana daka a ciki tun ranar da uwarta ta ba ta shi da aure, duk ya karkata gefe guda. Ta ƙwace ta ce in bar mata kayanta kafin in kai shi wajen sabulu, shi da bai taɓa ganin sabulu ba sai ruwan zafi da 'yar tsintsiya.

Ba ta ambaci sunanki ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma da na naɗe takardar ta ce, "Yarinyar har yanzu tana da ramin nan a kumatu?" Yesenia take nufi, ki amsa mata wannan. Ta rame kaɗan, a zaune take yin yawancin aikinta yanzu.

Tiyarki,
Herminia

Chicago, 12 ga Maris, 1997

Tiya Herminia,

Ina gaishe ku da Mama. Muna lafiya, ƙaramin ɗana ne ya yi mura amma ya warware.

Takardarku na karanta ta ya fi sau ashirin, tana cikin aljihun rigar aikina. Wurin "wa ya koya miki" na yi dariya har wadda muke ninke zannuwa tare ta ɗauka na zare. Muryarta ce sak. Allah ya saka muku, kun yi mini abin da na kasa yi shekara huɗu. Ku ce mata ramin kumatun yana nan, har biyu ne in ta yi dariya sosai. Ga hotonta na saka a ciki.

Na sayi turmi a kasuwar mutanenmu, na bi komai daki daki. Ya fi na da nesa ba kusa ba, amma turmin na ƙarya ne, siminti ne aka shafa wa baƙin fenti. Na daka shinkafa a ciki sau shida don ya daina zubar da yashi, har yanzu Abundio yana cewa gini yake taunawa.

Shi ya sa zan roƙi abin da na san babba ne. Dattijon nan da ake kira Don Onésimo, mai kai wa mutane saƙo da motarsa tsakanin gida da nan, zai taso tsakiyar Mayu. Ko Mama za ta ara mini turminta? Aro kawai, a Yuli zai koma da shi, ni da kaina zan naɗe shi a bargo. Piyar itacen Baba ba za a bari ta tsallaka iyaka ba, amma dutse ba wanda zai hana. Ina so ranar nan a ce akwai abu ɗaya na hannunta a kan teburin jikarta.

'Yarku,
Eulalia

San Isidro, 2 ga Afrilu, 1997

Lala,

Gaisuwa da fatan alheri. An yi Ista lafiya, ni dai na bi jerin gwanon da sandata har ƙofar coci. Uwarki ba ta fita ba bana, daga taga ta kalla. Hoton Yesenia yana jingine da hoton babanki, kusa da kyandir.

Na karanta mata roƙonki. Ta kalli turmin a inda yake kusa da murhu. Sai ta ce, "Ki rubuta mata." Lala, ki lura da wannan, shekara huɗu ban ji ta ce "mata" ba. Na ɗauki alƙalami.

Ta ce, "Ranar da aka shigo da ni gidan nan aka shigo da dutsen nan. Ba zai fita ba sai ranar da aka fita da ni. Ba a aron turmi, ba bokiti ba ne."

Na ce, "Chencha, wata biyu ne fa."

Ta ce, "Na gama. Ki sa aya."

To ga ayar na sa. Kada ki ɗauki abin da zafi, kin san yadda matan gidanmu suke da turminsu, kakarki ma haka ta yi da nata. Ki nemi na kirki a can, ki tambayi mutanen Jalisco, su ba sa sayen na siminti.

Ta hana ni in rubuta miki maganar ƙafafunta da suka kumbura, da zuwanmu wajen likita a Uruapan, shi ya sa ban rubuta ba. Ki riƙa sa ta a addu'a. Ki kuma rubuto da wuri, tana tambayar ko mai wasiƙa ya wuce, sai ta ce wai takardar kuɗin wuta take jira.

Tiyarki,
Herminia

Chicago, 18 ga Afrilu, 1997

Tiya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya.

Na ji. Shekara huɗu ina jiran ta ce a rubuta mini, ashe abin da za ta fara aiko mini ke nan. Ban roƙi fili ba, ban roƙi gida ba, dutse na roƙa, aro, don jikarta. Ta riƙe abinta. Ai sun dace, ita da shi abu ɗaya aka sassaƙa su. Baba ya rasu ina nan ina ninke zanin gadon wasu, ban ga fuskarsa ba, ita tana ganin ni ban ji ciwo ba ne?

Ku karanta mata wannan yadda yake, kada ku rage komai. Ba zan ƙara roƙon ta wani abu ba.

Eulalia

Chicago, 26 ga Mayu, 1997

Tiya Herminia,

Gaisuwa da farin ciki mai yawa, ku da Mamata. Ban jira amsarku ba, don abin da ke bakina ba zai jira ba.

Turmin ya iso. Ranar Laraba da yamma na dawo aiki na tarar da Don Onésimo a ƙofa, rungume da shi kamar jariri, naɗe cikin shuɗin mayafin Mama. Ya ajiye a tebur, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Na ce akwai takarda? Ya girgiza kai. Na ce ya zauna ya sha kofi, ya ce saƙo ya yi masa yawa, ya fita har yana tuntuɓe. Tsufa ya kama shi, idanunsa duk sun yi ja saboda hanya.

Tiya, matar da ta ce ba zai fita ba, ga shi ya fito, har da mayafinta. Ba ta iya cewa ta yafe ba, sai ta aiko dutse ya faɗa. Na zauna a ƙasa na rungume shi. Na kira shagon Doña Amparo, inda wayar garinmu take, don a kira mini ita ko da ba za ta yi magana ba, Doña Amparo ta ce layin ba kyau, za ta faɗa, ta ajiye.

Ina jin kunyar takardata ta Afrilu. Ranar iyaye mata ma, goma ga wata, ban kira ba, fushi nake yi. In Allah ya sa ba ku karanta mata ba, ku jefa a murhu. In kun karanta, ku ce mata bakina ne, kuma ta san inda na gado shi.

Biki ya yi kyau. Yesenia cikin farar riga mai ruwan hoda, babanta ya canza mata takalmi zuwa mai tsini a gaban mutane yana share hawaye, suka yi rawar farko. Ni kuwa ina bayan zaure da mayafin Mama a kafaɗa ina daka. Sau goma sha biyar, ba sha huɗu ba, ku gaya mata lissafinta ya gaza da ɗaya. Ban fasa piya ko ɗaya ba sai da na ji muryar baƙi. Ɗan dutsen yana ta zame mini a hannu, har na yi kanta, amma ban bari kowa ya karɓe ni ba. Wata tsohuwa 'yar Zamora ta zo har inda nake ta ce, "Yarinya, wace ce uwarki?" Na ce Crescencia ta San Isidro. Na daɗe ban faɗi haka da ƙarfi ba.

Ga abin dariya. Turmin ya zo da busasshen abu manne a ciki, kore kore, ga alama Mama ta yi sauri ba ta wanke ba. Washegari ina wajen aiki Yesenia ta ga datti, ta sa masa sabulun kwanuka da soson ƙarfe ta goge shi tas, tana jiran in yaba mata. Na ɗauraye da ruwan zafi sau da yawa, bai yi ɗanɗanon sabulu ba. Wannan kam kada ku karanta wa Mama, za ta tako da ƙafa har Chicago.

Yesenia ta lakata da yatsa ta ce, "Shi ne." A Yuli zai dawo kamar yadda na yi alkawari.

'Yarku,
Eulalia

San Isidro, 25 ga Mayu, 1997

Lala 'yata,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki ci gaba, in Abundio yana gida ki kira shi kusa. Jiya aka yi bikinku, yau alkawarin da na ɗauka ya ƙare, shi ya sa nake rubutu.

Uwarki ta rasu ranar Juma'a, tara ga Mayu, da hantsi, a kan kujerarta a tsakar gida. Zuciyar ce, kamar yadda likita ya faɗa tun Maris. Ba ta sha wahala a ƙarshe ba, ina kusa da ita ina tsince wake. Mun binne ta washegari kusa da babanki. Ranar iyaye mata ce, maƙabarta cike da furanni, kamar garin duka don ita ya fito. Mun yi addu'ar kwana tara, mun ɗaga gicciye mun kai kabarinta.

Na san za ki ce me ya sa ba a gaya miki ba. Ita ta sa ni rantsuwa a gaban hoton babanki, ta sa Amparo, ta sa Onésimo. Ta ce, "Ba za ta iya zuwa ba, wannan na sani tun rasuwar babanta Fidencio, haushina ne kawai bai da wurin zuwa. In kun gaya mata za ta fasa bikin, yarinya ta tashi tana tuna sha biyar ɗinta da makoki. Ku bari ta yi rawa tukuna." Na yi mata musu, ba ta ji ba. In laifi ne ki ɗora mini, ni ce mai rai.

Takardarki ta Afrilu na karanta mata duka, tunda kin ce kada in rage, kuma ban taɓa rage mata ba. Na ɗauka za ta yi kuka. Dariya ta yi har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Gaskiyarta, abu ɗaya aka sassaƙa mu. Ita kuma daga ina take zaton aka ɓanɓaro ta?" Ta sa na ƙara karanta wurin sau biyu. Daga nan ta sa takardar a ƙirjinta, da ita aka binne ta, don ban ga dalilin cirewa ba.

Ranar Alhamis, ana gobe za ta rasu, ta ce in sauko mata da turmin ƙasa. Ba ta iya tsayuwa. Ta zauna ta miƙe kumburarrun ƙafafun nan, ta sa gishiri, ta sa albasa, na gasa mata barkono, ta daka. Tana yi tana hutawa, abin minti biyar ya ɗauke ta kusan awa. Na ce ta kawo in taya ta, ta ce in na taɓa za ta tsine mini. Ba ta sa piya ba, ta ce za ta ruɓe a hanya, kuma mutanen iyaka za su ƙwace. Ta shafe gindin a jikin dutsen ta sa na kai rana ya bushe. Ta ce, "Ki ce mata ta ɗiga ruwan ɗumi kaɗan, ta sa piya a kai. Turmin farko na jikata ni na fara, ita ta ƙarasa."

Ban iya saka takarda ba, don in na rubuta wannan za ki gane. Na dai ja kunnen Onésimo sau uku ya ce miki kada a wanke, a ɗiga ruwa kawai. Ina fata ya faɗa. Ki rubuto ki gaya mini yadda na farkon ya yi, ina so in je in gaya mata.

Ba sai kin maido da shi ba. Ta ce ba zai fita ba sai an fita da ita, kuma ba ta taɓa faɗin magana biyu ba. Bayan akwatinta ya bi ƙofa na ɗauke shi na fitar, naki ne.

Allah ya jiƙanta, ya ba ki haƙuri. Gidan ya yi mini shiru, ni da nake kurma ma na ji.

Tiyarki,
Herminia

Chicago, 9 ga Yuni, 1997

Tiya,

Ban san yadda zan gaishe ku ba. Muna nan da rai. Kwana huɗu ban je aiki ba.

Takardunmu sun yi saɓani a hanya, yanzu kun karanta tawa, kun san abin da ya faru da na farkon. Don Onésimo bai faɗa ba. Na same shi, ya ce da ya buɗe baki kuka zai yi, ya tsaya a ƙofa yana ta nema ya kasa. Ban iya yi masa faɗa ba.

Ta rubuto mini ƙarara, ba zai fita ba sai an fita da ita. Kun rubuto mini ƙafafunta, kun rubuto likita. Duk na karanta, fushi ya rufe mini ido, daga baya murna ta rufe. Na yi rawa da mayafinta tana kwana goma sha huɗu a ƙasa. Awa guda ta yi tana daka mini da sauran ƙarfinta, ya tsallake iyaka, ya zo har teburina, na gan shi da idona na ce datti ne. Ya bi ruwan wanke wanke. Wannan ya fi mutuwar yi mini ciwo, Allah ya yafe mini.

Na gaya wa Yesenia Kaka ta rasu. Ban gaya mata abin da ta wanke ba, kuma ba zan gaya mata ba har in mutu. Ku ma kada ku faɗa. Yanzu na gane rantsuwar da aka sa ku, ba ni da sauran fushi da ku.

Turmin yana kan tebur, na kasa taɓa shi. Ba abin da ya rage nata a ciki.

Eulalia

San Isidro, 27 ga Yuni, 1997

Lala,

Gaisuwa. An fara ruwa, piyar babanki tana faɗowa ba mai tsinta sai ni da kaji.

Na je kabarinta na karanta mata takardarki ta biki, har wurin sabulun da kika ce in ɓoye. Ban taɓa rage mata ba, ba yanzu zan fara ba. Ba ta tako Chicago ba, sai dai na tabbata ta zage ku.

Ki daina cewa ba abin da ya rage. Abin da sabulu ya wanke aikin awa ɗaya ne. Kin ce ɗan dutsen yana zame miki har kin yi kanta. Da wane hannu kika riƙe shi, 'yar bahaguwa? Ki ɗauke shi da hagu ki rubuto mini.

Tiyarki,
Herminia

Chicago, 13 ga Yuli, 1997

Tiya Herminia,

Ina gaishe ku, yaya ƙafa, yaya kaɗaici. Mun ɗan samu sauƙi, na koma aiki.

Yau bayan coci na ɗauke shi da hagu. Akwai wani ɗan lotsawa a gefe da ban taɓa lura da shi ba, babban yatsana ya faɗa ciki, sauran huɗun suka sami wurinsu a baya. Bai zame ba. Yatsunta sun fi nawa ƙanƙanta kaɗan. Na daɗe a tsaye a haka ban daka komai ba, har Abundio ya kwashe yara ya fita da su.

Daga baya na daka, a hankali, don hannun bai saba ba. Zai saba.

In kun je wajenta ku karanta mata wannan. Ku ce mata Lala ce, na ji, kuma gishiri na fara sawa.

'Yarku,
Eulalia